Filashin Ceto: Yadda DOS, Linux da Windows PE Suka Yi Ta Kokawa a Kan Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Idan kwamfuta ta ƙi tashi a wani shagon buga takardu na Kiyawa ko Shuwarin, hanyar da take bi sananniya ce. A cusa ta a jaka, a hau mota ko babur zuwa Dutse, in ta gagari masu gyaran can a wuce da ita Kano, titin Beirut. Mai gyara kuwa, kafin ya taɓa maɓalli ko ɗaya, akwai tambayar da ba ya tsallakewa: "Malam, akwai abin da kake so a ciki?" In aka ce babu, aiki ya zo da sauƙi, fomat ne kawai, a zuba sabuwar Windows a sallami mutum kafin la'asar. In kuwa aka ce akwai, sakamakon jarrabawar ɗalibai yana ciki, ko lissafin buhunan riɗin da aka bayar bashi, sai ka ga ya zaro ɗan filash daga cikin makullansa, ya soka, ya yi ta danna F9 ko F12 har allon ya kawo wani abin da mai kwamfutar bai taɓa gani ba.

Abin da ya bayyana ɗin babbar manhaja ce sukutum, wadda ba a cikin kwamfutar take zaune ba. Daga filash take tashi, ta zauna a RAM, ta leƙa rumbun ajiyar kwamfutar daga waje. Dalilin haka a fili yake: ba a yi wa ɗaki sabon daɓe alhali mai ɗakin yana zaune a tsakiya da tabarmarsa. Windows ɗin da ke aiki ba za ta iya mayar da kanta yadda take jiya ba, balle wadda ta riga ta mutu. Dole wata ta zo daga waje ta karanta rumbun, ta kwashe abin da za a iya kwashewa, ko ta shimfiɗa cikakken kwafin da aka ajiye tun da lafiya.

To wace babbar manhaja ce ta dace da wannan aiki? A kan wannan tambaya masu rubuta manhajojin ajiyar ko-ta-kwana suka shafe sama da shekara 30 suna sauya ra'ayi, kuma kowane sauyi ya iso har shagunan Jigawa, ko da masu shagunan ba su san da rigimar ba.

Labarin ya kusa zama sa'an jihar kanta. Ranar 25 ga Agustan 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta wata babbar manhaja ta kyauta don nishaɗi. Kwana biyu bayan haka, ranar 27 ga Agusta, Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni. A wancan lokacin babu mai tunanin Linux za ta ceci kowa. DOS ce sarauniya. Faifan fulofi guda, mai cin megabayit 1.44, ya ishe ta ta tayar da kwamfuta, har da ragowar wuri don 'yan kayan aiki. Ba ta da ado, baƙin allo ne da fararen haruffa, amma tana da wata baiwa da ta sa ta daɗe: ba ita ke magana da rumbun ajiya kai-tsaye ba, BIOS na kwamfutar take roƙo ya yi mata. Duk rumbun da BIOS ya gani, ita ma ta gan shi.

A kan DOS ɗin nan aka gina manhajar da ta zama uwa ga dukkan wannan sana'a. A tsakiyar shekarun 1990 Murray Haszard na kamfanin Binary Research da ke Auckland, a Niyu Zilan, ya rubuta Ghost. Aikinta shi ne ta ɗauki hoton rumbu gaba ɗaya, da babbar manhaja da takardu da saituna, ta dunƙule shi fayil ɗaya, sannan a duk lokacin da aka so ta shimfiɗa shi a kan wani rumbun. Kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, aka san ta da Norton Ghost. Aikin da a da yake cin wuni guda, na girka Windows da direbobinta da Office ɗaya bayan ɗaya, ya koma na mintoci.

Sai dai DOS ta fara haki tun kafin ƙarnin ya ƙare. Rumbuna sun yi ta girma fiye da abin da aka tsara ta a kai. Ba ta san USB ba sai an yi mata dabara. Mai son ya ajiye hoton rumbu a wata kwamfuta ta waya dole ya nemo direban DOS na katin sadarwar, kowane kati da nasa, shi ya sa tsofaffin injiniyoyi suke yawo da kwalin fulofi, kowanne da sunan kati a goshinsa. Babbar matsalar kuma ita ce NTFS, tsarin jera fayiloli da Microsoft ya fito da shi tare da Windows NT a 1993. DOS ba ta iya karanta shi da kanta. Da Windows XP ta fito a Oktoban 2001 ta kai NTFS cikin gidaje da ƙananan ofisoshi, sai mai fulofin DOS ya wayi gari yana kallon rumbu cike da kaya amma ba ya ganin fayil ko ɗaya.

Ƙofa ta biyu ta riga ta buɗe a lokacin. Tun 1995 kamfanonin IBM da Phoenix Technologies suka fitar da ƙa'idar El Torito, wadda ta ba kwamfuta damar tashi daga faifan CD, wuri ya tashi daga megabayit ɗaya da rabi zuwa ɗaruruwa. 'Yan Linux ne suka fi cin moriyar abin, domin babu wanda zai hana su kwafa da rarrabawa. An yi ƙananan gwaje-gwaje da dama, har da tomsrtbt na Tom Oehser wanda ya matse Linux a fulofi guda, amma wanda ya juya akalar shi ne Bajamushen nan Klaus Knopper. A shekarar 2000 ya fitar da Knoppix, bisa tushen Debian. Ya matse manhajojin da suka kai kusan gigabayit biyu a faifan CD ɗaya, ya kuma koya wa tsarin ya gano kayan cikin kwamfuta da kansa yayin tashi. A saka faifai, a jira minti biyu ko uku, ga allo mai linzami, ga rumbun da Windows ta mutu a kansa yana nan da fayilolinsa.

Shekarun nan su ne kwamfuta ta shigo Jigawa da ƙarfinta. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya ɗauki fasahar sadarwa abin tinƙaho. A 2001 aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure da haɗin gwiwar wani kamfanin Singafo, aka kuma kafa kamfanin Galaxy na jihar a Dutse don samar da intanet. Mutane sun yi ta muhawara kan ko jihar manoma da ke fama da ƙarancin azuzuwa ta dace da wannan buri, kuma muhawarar tana da tushe. Amma abu ɗaya ba a musunsa: matasan da suka fito daga Kazaure da makamantanta su ne suka zama masu girka kwamfuta a ma'aikatu da shagunan intanet na Dutse, Birnin Kudu, Haɗeja da Gumel. Abokin gabarsu na yau da kullum kuwa ba gobara ba ce ko ambaliya. Ƙwayar cutar filash ce, wadda ke bin fasalin nan na XP mai buɗe duk abin da aka soka ba tare da tambaya ba. Ɗalibi ɗaya ya zo buga aikinsa, kwamfutocin shago duka su kamu. Sai a Fabrairun 2011 Microsoft ya tura gyaran da ya toshe wannan kafa ga masu XP, bayan cutar Conficker ta 2008 ta gama ɓarna a duniya.

A nan Knoppix da 'yan uwanta suka nuna raunin da ya daɗe yana bin Linux. Suna karanta NTFS, amma rubutu a kansa kasada ce, domin Microsoft bai bayyana sirrin tsarin ba, sai dai masu sa-kai su yi ta lalube. Za ka iya kwashe takardun mutum, amma goge fayil ɗin cuta ko gyara wanda ya lalace yana iya ƙarasa rumbun. Haka aka zauna har Szabolcs Szakacsits, ɗan ƙasar Hangari, ya fito da NTFS-3G a 2006, ta tsaya da ƙafafunta a Fabrairun 2007. Direban NTFS mai cikakken iko bai shiga cikin zuciyar Linux ɗin kanta ba sai a 2021, a sigar 5.15, da gudunmawar kamfanin Paragon. Shekara 28 ke nan bayan haihuwar NTFS.

Shi Microsoft yana da maganin a aljihu, ya ƙi bayarwa. Tun zamanin XP ya ƙera wata 'yar ƙaramar Windows mai tashi daga faifai, Windows PE, wadda ta san NTFS ciki da bai kuma take karɓar direbobin Windows na yau da kullum. Amma masu ƙera kwamfuta da manyan kamfanoni masu lasisi kaɗai aka yarje wa. Wani ɗan Holan, Bart Lagerweij, ya ga ba zai jira ba. Ya rubuta PE Builder, wadda ke ɗaukar faifan XP na mutum ta tace shi ta fitar da faifan ceto, aka san abin da BartPE. A gefe guda kuma ga Hiren's BootCD, jakar bokan masu gyara, wadda ta tara kayan DOS da ƙaramar XP da manhajoji barkatai a faifai ɗaya. Tsofaffin sigoginta sun ƙunshi manhajojin kuɗi ba da izinin masu su ba, abin da bai hana ta yawo ba daga Kwamfuta Bilej ta Ikeja zuwa kasuwannin Kano. Sigar 15.2 ta 2012 ita ce ta ƙarshe a tsohon layin, kuma har yau akwai masu gyaran da ba sa rabuwa da ita.

Da Windows Vista ta zo, a ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007, Microsoft ya saki hannu: kowa na iya sauke kayan haɗa Windows PE kyauta. Ya kuma gina Windows RE a kanta, shuɗin allon gyaran nan da ke fitowa idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere. Amma sakin hannun da sharaɗi ne. An tsara PE ta sake tashi da kanta bayan awa 72 tana aiki, don kada wani ya mai da ita Windows ta kyauta. Kuma ba kowa ke da izinin rarraba ta a haɗe ba.

Wannan sharaɗin na biyu shi ne ya raba kamfanonin ajiyar bayanai gida-gida, kuma a nan ne zaɓin ya fi fitowa fili. Kamfanin Acronis, da aka kafa a Singafo a 2003, ya daɗe yana ba masu sayen True Image faifan ceto na Linux. Hujjarsa mai ƙarfi ce: faifan ƙarami ne, a haɗe yake zuwa, ba a biyan kowa lasisi, kuma kamfanin na iya yanke duk abin da ba ya so. Kukan da masu saye suka yi ta yi shi ma iri ɗaya ne shekara da shekaru: an yi ajiya lafiya daga cikin Windows, ranar da masifa ta zo an tashi daga faifan, sai ya ce bai ga rumbun ba, ko bai ga katin sadarwa ba. Dalili kuwa, mai ƙera sabon kati Windows yake fara rubuta wa direba, Linux sai daga baya, wani lokaci bayan watanni. Macrium na Manchester a Ingila ya karkata ga Windows PE da RE. Faifansa ya fi nauyi, kuma sai mai amfani ya haɗa shi a kan kwamfutarsa, amma yana kwasar direbobin wannan kwamfutar ya tafi da su. Daga bisani Acronis ma ya ba da zaɓin PE. Norton Ghost kuwa, wadda ta fara komai, ta bar DOS ta koma faifan ceto irin na Windows, kafin Symantec ya daina sayar da ita ga ɗaiɗaikun mutane a Afrilun 2013.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, alhali ita ta fi hikima. A 2006 Gratien D'haese da Schlomo Schapiro suka haɗa ayyukansu suka fitar da Relax-and-Recover, don uwayen garke masu Linux. Ita ba ta zaɓar wata babbar manhaja daga waje. Wadda ke kan kwamfutar take ɗiba, da zuciyarta da direbobinta da taswirar yadda aka yanka rumbun, ta haɗa faifan ceto da su. Tunda tsarin ya tayar da wannan na'ura jiya, zai tayar da ita gobe. Red Hat da SUSE duk sun saka ta cikin kayansu. Aibinta kawai, faifan na wannan na'urar ne. Ranar da aka sayo wata daban sai an yi ƙarin aiki.

Ga mutanen Jigawa dai, wadda ta fi taɓa rayuwarsu daga Taiwan ta fito. Steven Shiau da abokan aikinsa a cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar, NCHC, suka rubuta Clonezilla, kyauta, a kan Linux. Wuraren da ke da bayanai kaɗai take kwafa a rumbu, ta tsallake fanko, kuma nau'inta na uwar garke yana iya watsa hoto ɗaya zuwa kwamfutoci 40 ko fiye a lokaci guda ta wayar sadarwa. Amfanin wannan ya fito ne bayan hukumar JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta kuma rufe ƙofar takarda da fensir a 2015. Ƙa'idar hukumar ita ce cibiya ta tanadi kwamfuta 250, da wasu na ko-ta-kwana. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta buɗe a 2011, ga kwalejoji, ga ɗaliban Kiyawa da Andaza da Katanga da ke tururuwa zuwa zana jarrabawa. Duk wanda aka damƙa wa ɗaki mai kwamfuta 250 ya san ba zai girka su ɗaya-ɗaya ba. Guda zai gyara tsaf, ya ɗauki hotonta, ya shimfiɗa wa sauran. Kuma da yake irin waɗannan ɗakuna yawanci kwamfutoci iri ɗaya ake zuba musu, galibi ba sababbin fitowa ba, matsalar direba da ke kunyata Linux a wasu wurare ba ta cika tasowa ba.

Ita ma Clonezilla ba ta tsira daga zaɓin ba, har gida biyu ta yi. Akwai reshe mai tushen Debian, akwai mai tushen Ubuntu. Asalin rabuwar aƙida ce: Debian ta daɗe tana ƙin saka ƙananan manhajojin kamfanoni masu rufaffen sirri a faifanta na hukuma, waɗanda wasu katunan ba sa motsi sai da su, Ubuntu kuwa tana sakawa. Sai da 'yan Debian suka kaɗa ƙuri'a a 2022 suka sassauta, Debian 12 ta Yunin 2023 ta fito da su a ciki. Ga wanda menu na rubutu zalla ke firgita shi, kuma Clonezilla ta iya firgitarwa, domin kuskuren zaɓar rumbun tushe a madadin na zuwa yana shafe komai, Rescuezilla ta fito a 2019 da allo mai linzami, daga baya ta koma amfani da tsarin hoto iri ɗaya da na Clonezilla.

Daga 2012 filin ya sake sauyawa, wannan karon ba a kan direba ba. Windows 8 ta zo da sharaɗin Secure Boot: sabuwar kwamfuta ba za ta tashi daga komai ba sai abin da ke ɗauke da sa hannun da ta amince da shi, kuma mabuɗin da ke cikin kusan kowace kwamfuta na Microsoft ne. 'Yan Linux suka yi ca. Mafitar da aka samu ita ce wata 'yar manhaja mai suna shim, wadda Matthew Garrett ya rubuta, Microsoft ya sa mata hannu, ita kuma ta buɗe wa Linux ƙofa. Manyan gidaje irin su Ubuntu da Fedora da Debian sun bi ta nan. Ƙanana da yawa ba su bi ba, shi ya sa mai gyara yake fara shiga BIOS ya kashe Secure Boot. Tsohuwar Hiren's ba ta tashi a wannan sabon tsari sai an mayar da kwamfutar tsohon yayi, har wasu masoyanta suka farfaɗo da sunan a 2018 a kan Windows 10 PE.

Sai BitLocker, wadda ita ce ta fi cutar da talakan mai kwamfuta a yau. Tana kulle rumbu gaba ɗaya, kuma a sababbin kwamfutoci da yawa tana kunna kanta ne da zarar mutum ya shiga da asusun Microsoft, ba tare da ya lura ba. Mabuɗin ceto lambobi 48 ne. In babu su, babu filashin da zai buɗe rumbun, na Linux ne ko na Windows. Clonezilla za ta iya kwafe shi a kulle, tun daga farko har ƙarshe har da fanko, amma ba za ta ciro takarda ko ɗaya ba. Mafi muni, taɓa saitin Secure Boot ɗin da mai gyara ya saba yi yana iya sa kwamfutar ta nemi lambobin a tashi na gaba. Wanda ya sayi kwamfutar hannu a Kano, wani yaron shago ya buɗe masa asusu da adireshin imel ɗin da shi kansa bai riƙe ba, yana zaune ne a kan wannan tarko.

Ita kanta Windows PE ba a bar ta da dariya ba. A kwamfutocin tafi-da-gidanka masu Intel zubi na 11 zuwa sama, sau da yawa PE ba ta ganin rumbun ko kaɗan sai an loda mata direban Intel RST da hannu. Zargin da aka shekara 20 ana yi wa Linux ya dawo kan mai gida.

Manyan masifu biyu sun gwada duk waɗannan dabaru a idon duniya. Ranar 27 ga Yunin 2017 cutar NotPetya ta tashi daga Yukren ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Cikin ɗan lokaci komai ya mutu, har da uwayen garke kusan 150 masu riƙe da rajistar ma'aikata da kalmomin sirri. Kowace tana kwafar 'yar uwarta, don haka aka ɗauka ajiya ta wadatar. Sai ga shi duk sun tafi tare. Ɗaya ce ta tsira, a Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a ofishin tana kashe lokacin da cutar ke yawo. Andy Greenberg na mujallar Wired ya ruwaito cewa a Gana take, kuma da yake ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, sai da aka kawo rumbun Najeriya wani ya karɓa ya wuce da shi Landan. Wani babban jami'in kamfanin daga baya ya ce a Legas take. Ko ma ina ne, rashin wuta ne ya ceci kamfanin, abin da zai sa duk mai biyan kuɗin wutar KEDCO murmushin takaici. Shugaban hukumar gudanarwar Maersk na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a Davos cewa cikin kwana 10 sun sake girka uwayen garke 4,000 da kwamfutoci 45,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Ta biyu babu ɗan dandatsa a ciki. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura gurɓataccen sabuntawa, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, suka shiga shuɗin allo suka kasa fita. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya. Gyaran bai taka kara ya karya ba, fayil ɗaya za a goge, amma kwamfutar da ba ta tashi ba ba a aika mata gyara ta intanet. Abin da Microsoft ya fitar shi ne manhajar haɗa filash mai Windows PE, ma'aikata suka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna sokawa, suna karanto lambobi 48 na BitLocker. Manyan kamfanonin duniya sun koma yin abin da mai gyara a Dutse yake yi kullum.

Masifun tsakiyar Jigawa nasu ne daban, kuma su ya kamata su yanke zaɓin. Wuta ce mai zuwa da tafiya tana katse rumbu a tsakiyar rubutu, ga canji daga layi zuwa janareta. Zafin Afrilu ne mai haura digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe fanka. Ambaliyar 2022 ce da ta cinye garuruwa a jihar, da duhun Oktoban 2024 da ya rufe yawancin Arewa sama da mako guda. A irin wannan yanayi ajiyar da ke can a intanet tana da kyau ga takardu, amma sauko da hoton rumbu mai gigabayit 60 da datar waya, bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025, ba abin da ƙaramin shago zai iya ba ne. Ko faifan ceton ma nauyinsa abin dubawa ne: Clonezilla ba ta kai gigabayit ɗaya ba, Hiren's ta yanzu tana wajen uku.

Ga mai gyara, rigimar ta yi sauƙi tun 2020, lokacin da Ventoy ta fito. Kafin ita, da Rufus ta Pete Batard ake ƙona tsari ɗaya a filash ɗaya. Yanzu filash guda na ɗaukar Clonezilla da SystemRescue da Hiren's da faifan girka Windows, a zaɓa daga menu. Tsofaffin HP da Dell da suka cika kasuwa, waɗanda za su ƙaru tunda Microsoft ya janye tallafi daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Linux ta san su sarai. Mafi tsufa, masu 32-bit, su ne ake bari a baya: Windows 11 ba ta da nau'insu, Debian 13 ta Agustan 2025 ma ta daina yi musu faifan girkawa, don haka mai irinsu ya riƙe tsohon faifansa da kyau.

Ga ofis ko makaranta ko asibiti kuwa, hukuncin tarihin nan bai da ruɗani. Ɗaki mai kwamfutoci iri ɗaya, Clonezilla. Sabuwar kwamfuta mai Windows da BitLocker, faifan PE da aka haɗa a kanta ita kanta, da direbobinta. Uwar garke mai Linux, Relax-and-Recover. Sunan babbar manhajar bai kai muhimmancin tambayoyi biyu ba: da aka tashi daga filash ɗin, ya ga rumbun ciki da rumbun ajiya? An taɓa mayar da hoton a wani rumbun aka ga kwamfuta ta tashi?

Gwajin ma ba na sau ɗaya ba ne. Tun Mayun 2023, sakamakon cutar BlackLotus, Microsoft ya yi gargaɗin cewa tsofaffin faifan ceto za su daina tashi a kwamfutocin da aka soke wa amincewa da tsohon sa hannu, kuma takardun shaidar Secure Boot da aka bayar a 2011 wa'adinsu yana fara ƙarewa daga Yunin 2026. Shugabannin makarantu da ma'ajin ofisoshi a Kiyawa da Dutse su sa a sake haɗa filashin cetonsu a gwada shi a gabansu, a buga lambobin BitLocker na kowace kwamfuta a takarda a kulle a durowa, rumbun ajiyar kuma a cire shi daga jikin kwamfuta ya kwana a wani ginin daban.